Haruffan Kawu da Ruwa Ya Tsattsaga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Haɗeja ana tsakiyar yankan shinkafa. Saƙo ya same ni a wurin aiki a Dutse, kafin in sami mota in iso an riga an kai shi makwancinsa. Abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, da takalma jibge, da mutanen da ban san rabinsu ba.

Na kasa zama wuri ɗaya a kwanakin zaman makokin. In na zauna a tabarma sai in ji kamar ana nemana a cikin gida. In na shiga gida sai in ga ba ni da abin yi a tsakiyar mata, in sake fitowa in leƙa shagonsa da ke jikin zaure, in same shi a kulle yadda na bar shi. Saboda haka maganganun masu ta'aziyya guntu-guntu na tsince su, kuma mai yiwuwa na sa maganar wani a bakin wani. Wanda ya ga na yi masa haka ya gafarce ni.

Wani dattijo daga Birniwa, bayan an shafa fatiha, ya zaro wani kati daga aljihu, duk ya yi laushi don tsufa. Katin ɗaurin auren 'yarsa ne da Kawu ya buga masa, ya ce yanzu ita ma ta aurar da tata 'yar. Aka yi ta zagayawa da katin hannu zuwa hannu. Wani manomi daga cikin fadama ya karɓa ya riƙe shi a juye, ya ce, "Ni fa ban taɓa ganin fuskar mamacin nan ba. Rubutunsa na sani, kuma wallahi ba na karatu." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, liman ya yi gyaran murya.

A can ƙarshen tabarma akwai Ticha, tsohon malamin firamare, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda aikin koyarwa ya kawo shi Haɗeja tun ina yaro bai kuma koma ba. Kusan kullum da yamma a shagon Kawu yake shan shayi. Hularsa na kan gwiwa, in an ɗaga hannu don addu'a sai ya sunkuyar da kai.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne taubashin Kawu, Alhaji mai sayar da irin tumatir da albasa. Ya yi kuka har rawaninsa ya kwance, sannan ya share fuska ya ce da ƙarfi, "To yanzu wa zai buga min ambulan iri? Ga noman rani ya ƙarato."

Wani ya ce, "Haba Alhaji, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

Ya ce, "Na sani. Shi ma da zai ji ni haka zan gaya masa. Mutum ya tashi ya mutu bai gama min aiki ba." Sai ya sake fashewa da kuka.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu mai ɗab'i ne. Yana da tsohon inji irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, da durowoyi cike da haruffa. Ƙananan na dalma ne, manyan da ake buga kan magana da su na katako. Ɗaya bayan ɗaya yake jera su a juye, ya ɗaure, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Katin biki, katin suna, kalandar ƙungiyar masunta, sanarwar ɓatan saniya, takardar waƙoƙin coci, duk daga wannan ɗan shago suka fito shekara da shekaru.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya ja ni gefe. Yaya kayan babur yake sayarwa a rumfar haya, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya tsani warin tawada ba, don a cikin shagon nan ƙuruciyarsa ta ƙare yana wanke-wanken inji sa'anninsa na wanka a kogi. Ya ce, "Mai digiri, ka ji tun yanzu kada ka ce ba a gaya maka ba. Shagon nan zan kwashe shi in zuba kayana. Inji masu tsohon ƙarfe za su ɗauka. Dalmar kuma mijin ƙanwarmu yana so, zai narke ta ya ɗaura wa birgi. Katakon mata sa hura wuta."

Mijin ƙanwar tamu masunci ne, kuma dalma ce ake ɗaurawa a bakin birgi, wato ragar kamun kifi, don ya nutse in an jefa. Ban ga laifinsa ba. Ban ma ga laifin Yaya ba sosai. Na ce masa, "Wataƙila a ɗan dakata." Ya ce, "A dakata a yi me? Ka iya bugawa?" Ban iya ba. Tun daga lokacin na rasa sukuni, kuma shi ya sa nake wannan rubutu, don in haruffan suka tafi a sami wani abu da ya rage.

Kawu ne ya laƙaba min Mai digiri tun kafin in gama jami'a. In na zo hutu na zauna a bencinsa, zai tambaye ni abu, in fara da "ya danganta", sai ya ajiye abin hannunsa ya ce wa Ticha, "Ka ji ko? Mun sayar da akuya mun tura shi Kano, ya dawo mana da ya danganta." Ba da mugunta yake yi ba. Shi mutum ne da ba ya son abu rabi-rabi. Tawada ko ta kama ko ba ta kama ba. Shayi ko da zafi ko a mayar.

Wannan hali ne ya sa haruffansa suka zame masa abin damuwa. Sun tsufa tun kafin su zo hannunsa, don na hannu ya saya. Na dalmar bakinsu ya cinye, wasu sun lotsa ba sa taɓa takarda sosai. In zai yi aiki sai ya yayyanka 'yan guntayen takarda siririya, ya liƙa a ƙarƙashin duk harafin da ya gaji don ya ɗago ya yi daidai da 'yan'uwansa. Yakan kira wannan sa wa tsoho matashi. Zai iya ɓata safiya guda yana sa matashi saboda katin da mai shi zai karanta sau ɗaya ya goge hannu da shi bayan cin tuwon biki. In ka ce masa ai ya yi kyau haka, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "A idonka."

Na katakon kuwa ruwa ne ya yi musu illa, ko in ce ruwa da rana da taurin kan Kawu. A wata damina cikin shekarun tamanin jinga ta ɓalle, ruwa ya shigo unguwa. Kowa na kwasar hatsi da shimfiɗa, Kawu na kwasar durowoyi. Na dalmar ya fara fitarwa, don a ganinsa katako ai iyo yake yi, ba abin da zai same shi. Kafin ya dawo kansu sun sha ruwa sun kumbura. Da ruwa ya ja, Ticha ya ce masa ya shanya su a inuwa su bushe a hankali. Kawu ya ce shi ba zai jira inuwa ba, ga aikin mutane. Ya hau da su kan soro ya baza a tsakar rana kamar barkono. Da yamma ya hau kwasa, ya tarar sun tsattsage. Wani tsagar ta ratsa shi daga sama har ƙasa, wani fuskarsa ta yi zane-zane kamar busasshiyar fadama, wani gefensa ya ɓantare.

Ticha ya ce tun daga ranar bai sake faɗin kalmar inuwa a shagon ba, don ya ga idon Kawu.

Ba shi da halin sayen wasu, sai ya ci gaba da aiki da su. Duk abin da ya buga, fararen layuka na ratsa baƙin rubutun, gefuna a ciccije, wani wuri tawada ta cika wani wuri ta yi hazo. Ba matashin da zai toshe tsaga. Ya gwada kakin zuma, ya gwada ƙaro, ba su riƙe ba. In ya miƙa wa mutum aikinsa sai ya kawar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri da shi." Mutane kuwa ba su ga abin haƙuri ba. A hankali, ba tare da kowa ya shirya ba, tsagar nan ta zama shaida. Daga Haɗeja har Kafin Hausa, in aka ga takarda manne a bango da irin wannan rubutu, an san daga inda ta fito, an kuma san ba a buga ƙarya a can. Ban ce kowa haka yake gani ba, amma na ji daga bakin mutane da dama.

Wannan ne asalin faɗansa da taubashinsa, faɗa ɗaya tak da na san sun yi na gaske, ban da zagin wasa da suka gada.

Alhaji yana ƙulla irinsa a 'yan ƙananan ambulan, Kawu ke buga masa suna da hoton tumatir a kai. Iri kuwa ba abin wasa ba ne. In aka sayar wa manomi na banza ba zai gane ba sai ya yi reno, ya dasa, ya yi ban ruwa, sannan ya ga ganye ba 'ya'ya, shekararsa ta tafi. A farkon shekarun casa'in, bayan an ba mu jiha, Kawu ya ji labarin wata maɗaba'a a Kano za ta rufe. Ya sayar da shinkafar da ya noma a shekarar, ya je ya dawo da akwatin ƙarfe cike da haruffan dalma manya da ƙanana, kusan sababbi, bakinsu kamar reza. Ina nan ranar da ya buɗe akwatin. Bai bari kowa ya taɓa ba. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga wa haske ya ce, "Yau na zama mai ɗab'i."

Aikin farko da ya yi da su ambulan Alhaji ne, bai kuma gaya masa ba, yana so ya burge shi. Sun fito tas, baƙi wuluk a kan fari, ba tsaga ba hazo. Alhaji ya yaba, ya ɗura iri, ya tafi kasuwar Kafin Hausa.

Da la'asar sai ga shi ya diro daga mota da buhunsa a cike yadda ya tafi da shi. Tun daga bakin titi yake magana.

"Kai, ɗan gidan gwaggo! Fito ka ga abin da ka yi min."

Kawu ya leƙo da murmushinsa. "An yi wawa ko?"

"An yi wawar gudu! Mutum ya ɗauki ambulan ya juya ya juya ya ajiye, ya ce wannan ba na Alhaji ba ne. Ni ne fa Alhajin! Ga ni tsaye a gabansa da rawanina! Wani ma har ya ja ni gefe yana min jaje, wai an cuce ni an haɗa ni da jabu, in nemo mai tsagar nan."

Kawu ya ce, "Jahilci ne. Ka gaya musu su karanta."

"Su karanta da me? Da garma? Kai ka san masu sayen irina. Tsagar suke karantawa. Ka mayar min da rubutuna."

"Rubutunka? Wancan ciwo ne, ba rubutu ba. Shekara nawa ina jin kunyarsa."

"To ka ji kunyarka a gida, ni ka bar min abincina."

Daga nan magana ta yi zafi, har Alhaji ya ce Kawu ya sayar da shinkafar iyali ya sayo girman kai, Kawu kuma ya ce wanda bai san bambancin kyau da muni ba tumatir ya dace ya sayar. Suka daina gaisawa. A masallaci ɗaya suke salla, kowa ya nemi sahun da ɗayan ba ya ciki. Ban san wa ya fi gaskiya ba, har yau ina jujjuya abin. Na dai san yadda ya ƙare. Wata safiya Kawu ya jawo tsofaffin na katako ya buga ambulan cike da kwali, ya aika gidan Alhaji ba saƙon komai. Washegari Alhaji ya zo shan shayi kamar jiya suka rabu, ya ce sukarin ya yi kaɗan. Sababbin haruffan kuwa Kawu ya mayar da su akwatinsu ya tura ƙarƙashin benci. Duk wanda ya zo sai ya ce irin na da yake so, har Kawu ya gaji da tambaya.

Na ɗauka akwatin bai sake buɗuwa ba, sai a zaman makokin nan Ticha ya gyara min. Ya same ni ina tsaye a bakin shagon, ya ce, "Ɗana, zauna mana, kana sa ni jiri." Na zauna a dakali. Ya ce lokacin da matarsa ta rasu, za a kai gawa gida kudancin Kaduna, 'yan coci suna son takardar tsarin jana'iza da waƙoƙin da za a rera. Ranar kasuwa ce, shagon cike da masu jiran aiki. Kawu ya sallami kowa, ya ce yau ba ya nan. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin benci.

"Na ce masa, Malam, ka yi da na kullum mana, sauri muke. Ya ce a'a. Matar da ta yi shekaru tana aiko min da kunun gyaɗa in ina azumi ba za ta tafi garinsu da tsagaggun haruffa ba. Su ga cewa inda ta zauna akwai mutane." Ticha ya murza hularsa. "Waƙoƙinmu ne fa, ba nasa ba. Ya jera su baiti-baiti yana tambayata inda layi ke karyewa. Da muka isa, dangina suna ta tambaya a Kaduna aka buga ko a Jos."

Abu na ƙarshe da zan kawo ya faru bara ko bara waccan, ina gida hutun salla. Wasu samari biyu suka zo daga Kano, masu shagon kwamfuta. Wani mai gidan burodi ya ba su aikin talla, yana so takardar ta yi kama da ta zamanin da, don mai saye ya ji kamar tun kakanninsa ake gasa burodin nan. Sun ce haruffan kwamfuta sun cika santsi, ba sa kama ido, kuma sun gwada cuccukuɗa takarda su yi mata hoto bai yi ba. Wani ya nuna musu ambulan Alhaji. Suna so Kawu ya buga musu kowane harafi a farar takarda, su ɗauke shi su sa a kwamfuta, su riƙa amfani da shi a kalanda da fosta da kwalin kaya.

Kawu ya sa suka maimaita. Sannan ya juyo gare ni.

"Mai digiri, fassara min. Injinsu yana rubutu ba tsaga?"

Na ce, "Ƙwarai."

"Ba ya cinyewa? Ba ya son matashi?"

"Ba ya so."

"Shi ne suka biya kuɗin mota suka zo ɗaukar tsaga."

Na fara bayanin cewa ido yakan yarda da abin da ya ga alamar ya daɗe, kuma mai yiwuwa tsufa ma wani irin ado ne, ya danganta da inda aka sa shi. Ya ɗaga min hannu. Ya tambayi samarin shekarar gidan burodin nawa. Suka ce bara aka buɗe. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Jariri da furfura." Na zaci zai kore su. Sai ya tashi ya buga musu, harafi bayan harafi, bai karɓi komai ba, don ya ce ba a sayar da ciwo. Da za su tafi ya ce, "Ku ɗauka. Amma in an tambaye ku kada ku ce nawa ne." Ban san ko daɗi ya ji ko baƙin ciki ba, ban kuma tambaya ba.

Wannan duka shi ke yawo a kaina sa'ad da na shiga wurin Iya, matar Kawu, wadda ta riƙe ni shekarun da na yi sakandare a gidan. Tana takaba, zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ba wai ina jayayya da Yaya ba ne, kuma na san shago haƙƙin magada ne, sai dai ko da akwai yadda za a yi. Ta katse ni.

"Kai dai har yanzu ba ka koyi faɗin magana ba. Ba ka so a taɓa kayan."

Na ce e.

"Kayan aiki ne ko kayan kallo? In akwai mai taka injin nan ya fitar da ambulan Alhaji kafin a fara reno, ni zan yi wa yayanka magana. In babu, kada ku ajiye min gawa ta biyu a zaure."

Washegari da hantsi muka buɗe shagon, ni da Ticha da Alhaji. Ticha ya shekara ashirin ko fiye yana kallon aikin da kofin shayi a hannu, ni na kalla a hutu, Alhaji kuwa bai taɓa kallo ba, zagi kawai yake yi a kawo masa. Mun sami jeren ambulan ɗin a ɗaure yadda Kawu ya bar shi, wannan ya rage mana wahala. Tawada ta daskare, Ticha ya ce kananzir ake ɗigawa, na ɗiga, ya yi yawa. Ticha ya hau taka inji, ni ina saka takarda. Ta farko ta fito kamar an taka ta da takalmi. Ta biyu ta karkace. A ta uku inji ya kusa cafke min yatsu, na yi tsalle na buge gwangwanin kananzir.

Alhaji ya ce, "Digiri da fansho, kun taru kun kasa abin da ɗan gidan gwaggo ke yi yana gyangyaɗi."

Ticha ya ce, "Zo ka taka mana, Alhaji, tunda bakinka ya iya."

"Ni mai saye ne."

Ban san tun yaushe Yaya yake tsaye a ƙofa ba. Ya harɗe hannu yana kallo, fuskarsa ba annuri. Muka ɓata wasu ambulan ɗin. Na ga yana cije leɓe. Da Ticha ya sake takawa injin ya yi wata ƙara, sai Yaya ya daka tsawa, "Ku tsaya! Za ku karya shi."

Ya shigo ya naɗe hannun riga. "Ku matsa. Kuna ɓarnar takarda." Ya goge tawadar da muka jiƙa, ya shafa sabuwa siririya, ya kwance jeren ya taɓa fuskar haruffan da tafin hannu ido a rufe. Ya yagi gefen wata takarda ya liƙa a ƙarƙashin biyu daga ciki. Ya hau takawa, hannun dama na sakawa na hagu na cirewa, ambulan na faɗowa ɗaya kan ɗaya, yana yi yana mita. "Duk ranar kasuwa. Duk ranar salla. Yara na kogi ni ina nan." Hawaye na zuba a gemunsa bai tsaya ya share ba, don in ya tsaya inji zai ci hannunsa.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya bi tsagar da farce, ya ce, "Nawa ne."

Na kai wa Iya guda ɗaya. Ta karɓa ta nisanta da fuska ta duba, ta juya bayanta, ta sake dubawa. Ta ce, "Wa ya buga?" Na gaya mata. Ta ce, "Da yana nan da ya yaga wannan ya kore ku duka." Sai ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar, ta rufe baki da mayafi. Ta ce in kira mata Yaya.

Ban ji abin da suka tattauna ba. Abin da aka yanke shi ne inji da haruffan katako za su zauna a kusurwar shago, kayan babur su cika sauran. Yaya zai buga wa Alhaji ambulan, ya kuma nanata cewa na bana kaɗai, kada wanda ya kawo masa katin biki. Dalma kuwa duka za ta tafi wurin mijin ƙanwarmu, har da akwatin da ke ƙarƙashin benci. Na buɗe baki a kan akwatin. Yaya ya ce ba mai neman su, kuma na riga na ci rabona na roƙo. Iya ta ce jikokin mamacin kifin da birgin nan ke kamowa suke ci.

An narke su a bakin kogi cikin tsohuwar tukunya, ban je ba. Yanzu haruffan da ya sayar da shinkafarsa ya saya, waɗanda ya ɗaga wa haske, suna bakin birgi suna nutsewa a ruwan Haɗeja. Waɗanda ya yi shekaru yana ba da haƙuri a kansu su ne za su je Kafin Hausa ranar kasuwa, manoma su gani su yarda. Ni na roƙa aka bar su, kuma na koma Dutse ban tabbata ko gata na yi masa ba. Mai yiwuwa da an tambaye shi da akasin haka ya zaɓa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi aikinsa ba tare da duba inda tawada ba ta kama ba. Ya ba Iya haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Yaya. Mu kuma da muka zaɓar masa abin da za a tuna shi da shi ba da shawararsa ba, Allah Ya sa ya yafe mana.